An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Martani Kan Akori-Kurar da Aka Durƙusar

Na karanta rubutun da wani ɗan'uwanmu marubuci ya yi kwanakin baya a kan 'yan tsirarun samarin Nassarawa GRA da suka koma farauto tsofaffin akori-kura, su yi musu fenti, su sa musu rim mai walƙiya, sannan su durƙusar da su har cikinsu ya kusa shafar kwalta. Ya yaba musu, kuma a rabin yabon ina tare da shi. Gara yaro ya kashe kuɗinsa wajen raya Peugeot 504 da ta shekara goma a gindin darbejiya, da a bar wa 'yan gwangwan su sare ta su ɗora a sikeli. Inda muka raba gari shi ne wajen bayanin abin da ya sa motocin nan suke kartar ƙasa, suna barin salansa a hanya, suna ɗigar da baƙin mai a bakin get. A wurinsa laifin titi ne. Maganin da ya kawo kuwa shi ne hukuma ta kankare tudun rage gudu daga titunan unguwar. Kafin a yi haka, mai mota ya sa a walda masa faranti mai kauri a ƙasan inji, ya riƙa hawa tudu a karkace. Wanda aljihunsa ya kai kuma ya yi odar jakunkunan iska masu ɗaga mota su sauke ta. Ya ƙare da cewa ko a Kalifoniya, inda adon ya samo asali, an soke dokar da ta hana shi, don haka mu ne aka bari a baya.

Malam, an bar jaki ana dukan taiki.

Mu fara da ita motar. Kamfanin Peugeot ya fito da 404 a 1960, ya biyo da 504 a 1968, akori-kurarta kuma ta zo a 1979. Masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci a 1975, ta ci gaba da fitar da 504 har 2006, shekaru da yawa bayan Faransa ta daina. Me ya sa motar ta daɗe haka a hannunmu? Ba don kyan fuska ba. 404 ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka sau huɗu, a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, 504 ta ci a 1975 da 1978, a hanyoyin da taɓo da duwatsu ke cinye motoci. Sirrin yana ƙafafunta: tazara tsakanin cikinta da ƙasa, da doguwar hanyar da taya ke da ita ta hau ta sauka kafin ƙarfe ya daki ƙarfe. Har wani kamfani a Faransa mai suna Dangel ya riƙa karɓar akori-kurar 504 yana ƙara mata tsayi, yana mai da ita mai jan ƙafa huɗu. Wannan ce motar da ta yi shekaru tana kwaso buhunan gero zuwa Dawanau da kwandunan tumatir zuwa Yankaba, da lodin tan guda a bayanta, ta hanyoyin da Sultan Road ko Ahmadu Bello Way suka fi su kyau nesa ba kusa ba. Motar da ta ratsa burjin ƙauye da damina ba ta koka ba, yau a ce tudun da ke gaban makarantar firamare ne ya gagare ta? Titin bai canza haka ba. Motar aka canza.

Kuma marubucin bai gaya wa mai karatu yadda ake canza ta ba, alhali a nan zancen yake. Hotunan da samarinmu ke gani a waya galibi na Chevrolet C10 ne na Amurka, musamman ƙirar 1967 zuwa 1972. Waccan mota tana da kasuwar kayan sauke ta cike: an ƙera mata sifirin gajeru masu ƙarfin da ya dace, da shokozoba daidai tsawonsu, da ƙarfen da ke riƙe ƙafar gaba wanda aka matsar da mazauninsa sama don mota ta sauka ba tare da an ci hanyar sifirin ba. Wanda ya shiga kasuwar Kofar Ruwa neman irin waɗannan na 504 zai sha yawo. Abin da ya rage a hannun bakanike shi ne abin yanka da wutar walda. A gaba, inda sifirin mai naɗi yake zagaye da shokozoba, sai a datse zagaye ɗaya ko biyu. Wani ma ba ya wahalar da kansa da kwancewa: wuta zai kara wa sifirin yana jikin mota har ya yi ja, nauyin inji ya danne shi. A baya, inda ake da sifirin mai ganye, sai a zare ganye biyu ko uku, ko a cusa tubalin ƙarfe tsakanin aksul da sifirin idan aksul ne a sama, ko a juya su gaba ɗaya idan sifirin ne a sama, wanda shi kaɗai yakan sauke mota inci 5.

Kowace cikin waɗannan tana da bashin da take bari. Sifirin da aka datse yana ƙara tauri, domin ƙarfinsa yana ƙaruwa ne gwargwadon raguwar zagayensa, amma taurin da ya ƙaru ba ya rama tsawon da aka rasa. Wanda aka ƙona kuwa ya mutu: wuta ta warware horon da aka yi wa ƙarfen a masana'anta, zai ci gaba da zama a hankali, hagu da dama ba daidai ba, wata rana ya karye. Ganyen da aka zare shi ne lodin da motar ta daina iya ɗauka. Tubalin ƙarfe yana nisanta aksul daga sifirin, ya ba shi damar murɗawa duk lokacin da aka taka mai ko birki, sannan ƙusoshin da ke ɗaure su su leƙo ƙasa fiye da da. Shokozoba kuma an bar ta da tsawonta na asali, tana zaune a rabin matse, saura kaɗan ta kai ƙarshe. Shi ya sa ƙarar da mai motar ke ji a kan tudu iri biyu ce, shi kuma ya ɗauka ɗaya ce. Akwai kartar ciki, wato salansa ko kaskon baƙin mai ya taɓa siminti. Akwai kuma dukan da ke zuwa daga ciki, lokacin da aksul ya haura ya bugi shasi saboda babu sauran wurin tafiya. Wannan na biyun, ko an share kowane tudu daga Audu Bako Way har Hadejia Road, ramin farko da aka faɗa zai dawo da shi.

Akwai kuma ɓarawon da ba a zargi, wato taya. A yi lissafi. Tayar 185 R14 irin ta ƙananan motocin kaya tsayinta daga ƙasa zuwa sama kusan santimita 65 ne. Yaro ya cire ta ya sa 195/50 R15, mai siririn gefe, don rim ya fito fili: rim ya ƙaru da inci ɗaya, amma tayar gaba ɗaya ta koma wajen santimita 58. Bambancin ya haura santimita 7, rabinsa ne ke fita daga tsayin mota. Kusan santimita 4 sun tafi tun ba a taɓa sifirin ko ɗaya ba, kuma sun tafi daga ko'ina, har da tulun aksul na baya, wanda yanka sifirin ba ya matsar da shi ko kaɗan. Ga shi siririyar taya ba a yi ta don lodi ba, ba ta da naman da zai shanye duka, sai rim ya karɓa ya lanƙwashe. Mai faci na bakin titi ya san wannan sarai, shi ne ke ganin su kowane mako.

Yanzu ga Kalifoniya, tunda marubucin ya kira ta shaida. Gaskiya ne 'yan asalin Meziko mazauna Los Anjeles ne suka raya wannan ado bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Gaskiya ne kuma a 1958 jihar ta kafa doka a kansa, Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu aka soke ta a Oktoban 2023, sokewar ta fara aiki a farkon 2024. Amma me dokar ta ce? Ta hana a sauke mota har wani sashe nata ya fi gindin rim kusa da ƙasa. An soke ta ne bayan dogon ƙorafin cewa ana fakewa da ita a takura wa wata al'umma, kuma wannan magana ce ta adalci tsakanin mutane da hukumarsu. Dalilin da ke ƙarƙashin layin kuwa yana nan, babu majalisar da ta isa ta soke shi. Idan taya ta fashe ana cikin gudu, mota tana sauka ne a kan rim. In rim ne ya fara taɓa ƙasa, tana ci gaba da gungurawa, direba na da sitiyari da birki. In kuwa ƙusar sifirin ce ko ƙarfen ƙasan inji ya riga rim isa, to motar ta cake a kwalta, ta juya inda ta ga dama. Masu ƙera irin waɗannan motoci a can, waɗanda suka san aikinsu, har gobe suna ja igiya daga gindin rim zuwa tayar da ke ɗaya gefen su duba ko wani abu ya leƙo ƙasa da ita. Kuma a lura da abin da mutanen can suka yi da aka kafa musu dokar. A 1959 wani mai suna Ron Aguirre ya ɗauko famfunan mai na jirgin sama ya haɗa wa motarsa Corvette, ta riƙa tashi in za ta hau titi, ta zauna in an isa wurin nuni. Motar suka gyara ta dace da hanya. Shaidar da marubucin ya kira ni take goya wa baya.

Batun faranti shi ne ya fi tayar mini da hankali, domin shi ne shawarar da yaro zai iya bi gobe da safe da kuɗi kaɗan. Mota tana kartar ƙasa don tazara ta yi kaɗan, sai a ce a ƙara mata wani abu a ƙarƙashi? Farantin da kaurinsa ya kai milimita 6, a haɗa da ɗan sararin da dole a bari tsakaninsa da kasko, ya cinye kusan santimita 2 daga abin da dama bai isa ba. Murabba'in mita ɗaya na irin wannan ƙarfe nauyinsa kilo 47 ne, kusan buhun siminti, an rataya shi a kan sifirin gaba da aka riga aka raunana, hancin mota ya ƙara yin ƙasa. In an walda shi, ranar juyen baƙin mai sai an nemo mai walda. Yana tare iskar da ke sanyaya kasko, a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40. Dukan da ya karɓa kuma ba ɓacewa yake ba, yana miƙa shi ne ga inda aka liƙa shi, kuma gaban 504 ba shi da shasi dabam irin na Hilux, jiki ɗaya ne da bodi, ƙarfen da ya shekara talatin ko arba'in yana shan tsatsa. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Faranti yana da amfani, amma a ƙarshen aiki, siriri, mai lanƙwasasshen baki, ɗaure da noti, bayan an dawo da tazarar da za a saka shi a ciki.

Hawa a karkace kuwa dabara ce da kowane direba ya sani, tana aiki don ƙafa ɗaya ce ke hawa a lokaci guda. Sai dai titi ba na mutum ɗaya ba ne. Wanda zai karkace dole ya ci hannun wani, ga adaidaita sahu na tahowa, ga mai ɗauko yara daga makaranta a bayansa yana danna oda. Abin da ake yi sau ɗaya a bakin get ba a mai da shi tsarin tuƙi.

Jakar iska ban ƙi ta ba. Ita ce kaɗai cikin shawarwarinsa da ta fuskanci matsalar. Amma ya faɗe ta kamar sayen rediyo. Akwai kwamfireso, da tanki, da bututai, da bawul, da wayoyin da za su ja wuta daga tsohuwar mota da ba a yi ta don wannan ba. Ƙurar hunturu na shiga, ruwa na taruwa a tanki, roba na gogar ƙarfe tana hujewa. Kuɗinta da dala ne, kowa kuma ya san inda naira ta tsaya tun da aka sake ta a Yunin 2023. Babbar tambayar da bai yi ba ita ce: ranar da bututu ya fashe a tsakiyar Murtala Mohammed Way, iska ta fice gaba ɗaya, motar za ta iya gungurawa zuwa gefe? In an haɗa ta yadda in babu iska take kwantawa a ƙasa, to an gina tarko ne. Mun sake dawowa kan igiyar nan ta gindin rim.

Ga wani abu da ko sau ɗaya bai ambata ba, kuma shi ne mai iya kisa. Akori-kura da yawa, har da Hilux, suna da wani bawul a layin birkin baya wanda aka haɗa da aksul ta ɗan sanda. In an yi lodi baya ya zauna, sandan ya motsa, bawul ya ƙara wa ƙafafun baya ƙarfin birki. In babu kaya ya rage, don kada su kulle. To wanda ya durƙusar da bayan mota bai daidaita wannan sanda ba, ya gaya wa bawul ƙarya cewa motar cike take, alhali fayau take. Ranar da aka yi yayyafi ya taka birki da ƙarfi, baya ne zai fara kullewa, ya zagayo gaba. Haka sitiyari: in gaba ya sauka fiye da kima, sandunan da ke juya ƙafafu sun bar kwanciyarsu, duk hawa da saukar taya sai ta ɗan juya da kanta. Mai mota zai ce iska ce ke jan sa.

Zan ba marubucin abin da yake nasa. Tudun da ake ginawa a unguwanninmu da yawa ba su da ƙa'ida. Wani mai gida ne ya kira birkila bayan an kaɗe yaro a ƙofarsa, aka zuba siminti gajere mai tsini, babu fenti, babu alama. Wannan yana cutar kowa, har motar asibiti, har mai juna biyu a bayan adaidaita sahu. Kuma akwai ilimin abin. Tun shekarun 1970 masu binciken hanyoyi a Ingila suka gwada suka fitar da tudu mai tsawon mita 3.7 da tsayin santimita 10, dokarsu ta 1999 kuma ta tsaya a kan cewa kada tudu ya haura santimita 10. Tsawon nan shi ne hikimar. Tsakanin ƙafar gaba da ta baya a akori-kurar 504 kusan mita 3 ne. Gajeren tudu yana shigewa tsakaninsu gaba ɗaya, ƙafafu huɗu suna kan kwalta, duk tsayinsa yana fuskantar cikin mota. Dogon tudu kuwa, lokacin da ƙololuwarsa ke ƙarƙashin ciki, ƙafafun suna kan gangarensa, sun ɗaga motar, abin da ya rage bai kai santimita 7 ba. Da marubucin ya nemi hukumomin kula da hanya, KARMA da KAROTA, su fitar da awo ɗaya, a rushe masu tsini a gina dogaye, a shafa musu fenti, da ni ne farkon mai sa hannu. Amma kankarewa ya nema. Nassarawa ta yau ba ta Turawan mulki ba ce, ta gidaje jefi-jefi cikin manyan filaye. Makarantu ne, da asibitoci, da otal-otal, da wuraren biki, titunan kuma miƙaƙƙu ne masu faɗi da ke kiran ƙafa ta danna mai. Duk wanda ya taɓa kwana a unguwar ranar ɗaurin auren 'ya'yan manya ya ji kukan taya. A cire abin da ke kare ɗan makaranta don salansar mota goma ko ashirin ta huta? Ko an yi, saiwar maɗaci da ta ɗaga kwalta tana nan, gangaren kwalbatin bakin gida yana nan, ruwan Agusta da ke kwanciya a titi in lambatu ya toshe yana nan, kuma shi ba ya tambayar wa ya sa hannu a takarda kafin ya shiga ta ƙasan ƙofa.

Gyaran gaskiya ba shi da ban sha'awa, shi ya sa ba a rubuta shi. A kai motar shimfiɗaɗɗen fili, a cika tanki, mutum biyu su zauna a ciki, a ɗora buhu biyu ko uku a baya, sannan a kwanta da tef a auna: kasko, ƙarfen da ya gitta ƙasan inji, salansa, ƙusoshin sifirin, da tazarar da ta rage tsakanin aksul da robar da ke tare shi. Awon da aka yi mota babu kowa yaudarar kai ne. Sau da yawa za a tarar salansa ce mai laifi, wani mai walda ya bi da ita ta ƙasan abin da ya kamata ta bi ta samansa, ko robar da ke rataye ta ta saki. Wannan aikin yini ɗaya ne, kuma ba ya taɓa adon motar. Haka robobin da inji ke zaune a kai: in sun mutu inji na sauka da kaskonsa. Daga nan a dawo da taya mai nama, ko da a kan sabon rim ɗin ne, gwargwadon abin da fenda za ta bari in an karya sitiyari har ƙarshe. Sifirin da ya sha wuta a jefar, ba a gyara shi. A nemo lafiyayye, in ma za a rage, a rage kaɗan da abin yanka mai sanyi, a auna, a sake. A mai da ganyen da aka zare, in ya kwanta a kai wa masu bugun sifirin su dawo masa da lanƙwasarsa. Tubalin da ya wuce inci 2 a cire shi. A sa shokozoba daidai sabon tsayi, a daidaita sandan birki, a yi alaimen, a gyara saitin fitila. Abin da za a samu a ƙarshe mota ce da ta sauka inci 1 ko 2 daga asalinta, wadda ido zai ga ta zauna da kyau, amma in an ce a kai buhun shinkafa goma gidan biki ba za a nemo wata ba.

Wanda kuma zuciyarsa ba za ta kwanta ba sai ya ga bamba na shafar ƙasa, hakkinsa ne, motarsa ce. Sai ya san abin nuni ya gina, ya tanadi motar da za ta ɗauke ta zuwa wurin taro ta dawo da ita. Roƙona ɗaya gare shi: sifirin na asali da ya cire, da rim ɗin ƙarfe, da ganyen da ya zare, ya ɗaure su wuri ɗaya ya ajiye a sito, kada yaran gareji su sayar wa 'yan gwangwan. Kaduna ta daina haɗa 504 tun 2006, na asalin da suka rage a kasuwa kullum raguwa suke, kuma mai sayen motar nan gaba su zai fara tambaya.